Yadda Za Ka Samo Wa Sunan Gidanku Kaka Jarumi

Bi matakan nan bakwai, na ba ka tabbacin kafin wata uku sunan gidanku zai sami tarihin shekara dubu, da tambari mai garkuwa rataye a falo, da kirari cikin harshen Latin wanda kai kanka ba za ka iya furtawa ba. Na ga aikin a hannun gwani, Clive Hoggard mai sayar da kafet a garin Selby na Ingila, ƙanin matata Doreen. Shekara talatin da huɗu na yi ina aiki a ɗakin karatun gari, saboda haka na san ƙarya mai kyau in na gan ta.

Doreen ta rasu a watan Fabrairu. An binne ta a filin kabarin danginsu, kuma takardar filin da sunan Clive take, sai ya sa hannu za a kafa dutse a kan kabarin. Ni layi ɗaya nake so a sassaƙa: "Ta ciyar da yaran makaranta shekara ashirin da tara." Shi tambari yake so. Dutsen ba zai ɗauki duka biyun ba.

1. Kada ka tambayi tsofaffi

Kowane gida da tsohuwar da ta san gaskiya. Tamu Gwaggo Enid ce, shekararta casa'in da ɗaya. Zaunar da ita kusa da hita, ka cika mata baki da biskit. Masu hikima sun ce tarihi yana farawa ne daga inda shaida na ƙarshe ya kurumce.

2. Sayi tambarin a bakin teku

Je Scarborough ranar hutu. Tsakanin mai kifi da dankali da mai sayar da bokitin yara akwai rumfar wani mutum da kwamfuta. Faɗa masa sunanka, ka miƙa fam talatin, kafin shayinka ya huce ya buga maka garkuwa. Clive ya samu kawunan aladun daji uku a kan jan fili, da hular ƙarfe a sama.

Wani mai baƙin ciki zai ce maka a ƙasar nan mutum guda ake ba tambari, shi da magadansa, ba duk mai amsa sunan ba. Ni ne na faɗa. Kada ka kula shi.

3. Tsallako da kakanka daga Faransa

Dole ya zo da mayaƙan da suka ci Ingila a 1066. Da duk masu wannan iƙirari gaskiya suke faɗa, da jiragen sun nutse tun ba su bar gaɓa ba. Ka lura, ba a taɓa samun wanda kakansa ya zo yana kwashe kashin dawaki ba. Kowa a kan doki kakansa ya sauka.

Littattafan da na yi rayuwata a cikinsu sun ce Hoggard na nufin mai kiwon aladu. Clive ya ce sunan wani ƙauye ne a Faransa. Na nemi ƙauyen a taswira uku. Ya ce yaƙi ya cinye shi.

4. Nemi gawa

Buga tambarin a kofi, da laktaye, da tabarmar ƙofa. Amma kofi yana fashewa. Dutse kake so, kuma mai rai zai yi maka gardama, sai ka nemi wanda ba zai iya ba.

"Wilf, mutumina," in ji Clive, yana zaune a kujerarta a kicin ɗina, "ka san yadda na ƙaunaci yayata. Amma mai dafa abincin makaranta? A dutse? 'Yan kulob ɗin golf suna bi ta maƙabartar nan fa."

"A raye ko a kwance?"

"Ka ji ka. Jinin manya ce, ya kamata a sani."

"Hannunta ya ƙone sau nawa a tukunyar kabeji, ban ga jinin ya bambanta da nawa ba."

Matarsa Pauline ta dafa kafaɗata. "Bawan Allah, baƙin ciki ne ke magana. Sha shayinka."

Koyi wannan dabarar. Duk abin da mai makoki ya faɗa, ka ce baƙin ciki ne.

5. Kauce wa gidan ajiye tsofaffin takardu

Can gaskiya ke kwance, kuma shiga kyauta ne, abin da ke nuna maka darajarta. Mutum mai aiki ba ya zuwa. Wanda matarsa ta mutu, gida ya yi masa faɗi, shi ke zuwa. Sati biyar na yi ina bin littattafan coci na haihuwa da aure, da farar safar hannu da ciwon baya. Na tarar da Obadiah Hoggard, mai kiwon aladun wani manomi, wanda ranar aurensa ya zana gicciye a gurbin sa hannu don bai iya rubutu ba. Na tarar da ubansa, wanda aka kai ƙara saboda aladunsa sun shiga harabar coci sun tone kabari. Na yi hoton shafukan, na jira.

6. Tara dangi ka buɗe zanen

Ranar Lahadi, bayan gasasshen nama, lokacin da ciki ya cika kuma ba mai ƙarfin musu. Clive ya shimfiɗa zanen mai sassaƙa a tebur, ya gyara murya.

Kuskurensa ɗaya: biskit ya ƙare.

Gwaggo Enid ta ɗora tabarau, ta daɗe tana kallo. "Aladun nan uku su kaɗai ne gaskiya a takardar nan," ta ce. "Kakana warinsu yake yi har a coci. Benci na baya aka ware masa, kusa da ƙofa."

"Gwaggo, kin gaji."

"Na gaji da kai, ɗan nema. Ni na wanke maka gindi."

Sai na ajiye shafukana a kan zanen. Na tuna masa ni ke rubuta shafin tarihi a jaridar coci ta wata-wata, kuma shugaban kulob ɗinsu ba ya tsallake ta.

"Ba za ka yi ba, Wilf."

"Na riga na rubuta. Har da kabarin da suka tone."

7. In asiri ya tonu, yi fushi

Kada ka ba da haƙuri. Sa hannu a takardar kafa dutsen da ƙarfin da biro zai huda ta, ka ce dama kai ba ka damu ba, ka fita ka bar kek ɗinka. Haka Clive ya yi, kuma tun daga ranar bai ƙara yi mini magana ba.

An kafa dutsen a watan Oktoba, da sunanta da layina. Na san da tana nan da ta wanke ni tas, ta ce na kunyata ƙaninta a gaban abinci, kuma da ta yi gaskiya. Na tsaya a gaban dutsen cikin yayyafi wajen rabin awa ina jiran faɗan.

Gargaɗi

Marubucin ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya: dariyar maƙwabta, gabar dangi, ko wasiƙa daga mai tambarin na ainihi. In ka tono kakanka ka tarar talaka ne mai wari, ba ni na haife shi ba. In kuma ka ci gardamar kamar yadda na ci, ka koma gida ba wanda za ka ba labari, kada ka zo wurina. Ban san maganin wannan ba.