Shinkafar da ta yi wa maza lalle

Shekarar da Turawa suka fara tattara komatsansu, Maigida ya samu gida a Nassarawa, ya gayyato abokan aikinsa cin abinci. Maƙwabciyata ta ba ni garin gangamau, ta ce, "Bakin cokali ya isa, ƙanwata." Na ce a raina, rowa ta koya wajen Turawa. Na zuba ludayi guda.

Shinkafa ta fito ruwan ɗorawa, ni kuwa sai yauƙi nake. Baƙi suka ci da hannu, suna haɗiye ɗaci saboda kara. Sabulu ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Washegari manyan ma'aikata suka shiga ofis da yatsu irin na amare, kowa hannu a cikin riga.

Har yau, in ana biki a unguwa, sai an aiko mini: "Mai ƙunshin maza, ango yana jira!"