Kujerar Lawali da Na Ba Mai Kalangu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki mai kalangu daga Gusau har Tsafe don ya kaɗa mini ba. Har yau idan na ji kalangu a gidan biki, sai in ji gumi yana tsattsafo mini.

A lokacin ni ne kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon kwando ta unguwarmu. Dogo ake ce mini, kuma ni na fi kowa jefa ƙwallo a kwando. Aikina in tsaya ƙarƙashin kwandon, ƙwallo ta zo hannuna, in ɗora ta. Daga ina take zuwa? Ban taɓa tambayar kaina ba (mai tsawo ba ya cika kallon ƙasa).

Akwai wani Lawali a cikinmu, gajere, marar magana, mai gyaran babur a Bungudu. Daga can yake zuwa atisaye. Ranar da za mu buga wasan ƙarshe da 'yan Tsafe, wanda duk ya ci shi ke ɗaukar kofi, Lawali ya makara. Kocinmu, Malam Bello, ya riga ya yi gaba, ya bar mini mota da mutane. Saura kujera ɗaya, ga kuma mai kalangun da na gayyato yana tsaye. Na ce wa direba, “Mu tahi. Ni ka jefawa, ba Lawali ba.”

Da muka isa, Malam Bello ya ƙirga mu da ido, ya ce, “Ina Lawali?” Na ce yana hanya. Ya dubi mai kalangu, ya dube ni, ya juya ya shiga fili.

Aka fara wasa, kalangu ya ɗauka: “Dogo na gaban kwando!” Na je wurina na tsaya, na ɗaga hannuwa sama kamar mai roƙon ruwa. Shiru. Ƙwallo ba ta ko tsallaka tsakiyar fili sai 'yan Tsafe sun ƙwace. Na gaji na koma baya in ɗauko ta da kaina, ta bugi ƙafata ta fita waje. Sau uku! Kiɗa ya yi ta raguwa har ya mutu. Cikin wannan shirun ne mai kalangu ya dube ni ya ɗaga murya, da zuciya ɗaya, kowa yana ji:

“Wai Malam, kai ne Dogon, ko akwai wani Dogo da bai iso ba?”

Har alƙalin wasa sai da ya cire usur daga baki ya yi dariya.

Ana hutun rabin lokaci sai ga Lawali a kan wani tsohon babur, hannunsa duk baƙin mai. Ya sa riga ya shiga.

Wallahi ban taɓa kallon Lawali yana wasa ba sai ranar, duk da shekarun da muka yi tare. Mutum uku za su tare shi, ya sulale tsakaninsu, ƙwallo na bin tafinsa kamar an ɗaure ta da zare. Yana kallon gabas, ya tura ta yamma. Yaran da ɗazu suka kasa riƙe ƙwallo duk suka zama gwanaye. Ni kuwa sai in ji ta faɗo cikin hannuna daidai inda nake so, ban ma san ina so ba. Ashe duk abin da nake taƙama da shi, wannan bawan Allah ne ke ɗora mini a hannu.

Saura kaɗan a tashi, muna kunnen doki, ga Lawali shi kaɗai gaban kwando. Maimakon ya jefa, ya miƙo mini. Na ɗora, muka ci. Yara suka ruga suna “Dogo! Dogo!” ni kuwa ina neman inda zan ɓoye fuska. Mai kalangu dai ya san aikinsa: ya wuce ni ko kallo babu, ya durƙusa gaban Lawali yana kaɗawa.

A bakin mota na ce, “Lawali, ka yi haƙuri.”

Ya ce, “Ba komi, kyaftin. Amma babur ɗin ga ba ya da burki sosai, ka bi a hankali.” Ya miƙo mini makulli, ya shige kujerata.

Tun daga ranar, kome ya faɗo hannuna, sai na waiwaya na ga wanda ya jefo kafin in kira makaɗi.