Rasuwar Dogon Benci na Ofishin Lasisi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan guntun haƙurin da ya rage masa, Baba Masinja na ofishin lasisin kasuwa yana sanar da jama'a rasuwar abokin aikinsa, Dogon Benci, wanda ya cika yau Talata da hantsi a bayan ɗakin janareta, bayan jinyar wata biyu a hannun masana. Ya rasu yana da shekara talatin da huɗu a bakin aiki. Bai taɓa tafiya hutu ba. Bai taɓa zuwa taron bita ba, shi ya sa ya yi tsawon rai.

Ga wanda bai san marigayin ba, katako ne mai tsawon taku goma sha biyu. Ƙafarsa shida: biyu a kowane ƙarshe, biyu a tsakiya. Yana ɗaukar mutum goma sha biyu, sha ɗaya in akwai mahauci a cikinsu. Mazauninsa jikin bango, daura da taga ta biyu, inda 'yan kasuwa ke sabunta takardar rumfa duk shekara. Kafintan da ya yi shi ya riga shi tafiya da daɗewa, kuma har ya bar duniya ba a taɓa kiransa gyara ba.

Aikin marigayin ɗaya ne, ya kuma iya shi. Wanda ya fara zuwa ya zauna a kai, wato gefen taga. Na biyu ya zauna kusa da shi. In akawu ya sallami na kai, kowa ya matsa gaba. Shi ke nan. Ba ruwansa da karatu, ba ruwansa da waya, ba ruwansa da ko an kawo wuta. Makaho ya gane, kurma ya gane. Baba Masinja, da aji uku kawai ya yi aka cire shi daga makaranta, ya gane tun ranar farko. Wanda fitsari ya matsa, ko aka tura shi yin kwafin takarda, sai ya bar hula ko takalmi ɗaya a wurinsa, Baba Masinja ya riƙa matsar da shi tare da layi kamar mutum. In takalmi ya kai kan benci mai shi bai dawo ba, nan zai zauna yana jira, kuma duk lokacin da mai shi ya shigo, shi ne na farko. Shekara talatin da huɗu ba a taɓa cin amanar hula ko takalmi a gaban Baba Masinja ba. Ba cika baki yake yi ba. Abin da ya faru ne.

Marigayin ba shi da yawan magana. In an zauna masa a hankali, ya ce ƙiii. In mai jiki ne, ya ce ƙiiiƙ, ya haɗiye sauran. In layi ya matsa gaba ɗaya, sai ka ji shuuu, kamar mai ajiyar zuciya. Bai san babba ba, bai san ɗan wane ba. Ƙanin matar darakta ya taɓa zama a ƙarshensa kamar kowa, wata ƙusa ta kama masa wando, don ita ma ba ta san shi ba.

Ciwon ajalinsa ta ƙofar gaba ya shigo, a cikin mota. Gwamnati ta buɗe abin da ta kira Ɗakin Gwajin Sabbin Dabaru a hawa na sama, inda a da ake jibge tsofaffin fayiloli. Aka yi wa bango fenti kala uku. Aka zuba masu digiri shida, shugabarsu wata mai farin gilashi, mataimakinta wani mai wandon da bai kai idon sawu ba. Ba su da kujera ko ɗaya. A kan wasu buhuna masu laushi suke zama, waɗanda in mutum ya faɗa ciki sai an ba shi hannu yake tashi. Su aka ɗora wa duba lafiyar benci.

Alamar farko ƙuraje ce. Wata safiya Baba Masinja ya tarar da jikin marigayin duk ƙananan takardu masu manne, rawaya da kore da ruwan hoda. Ya sa akawun taga ta biyu ya karanta masa ɗaya. An rubuta: wurin ɓacin rai. Ya ɓamɓare su tas, ya goge shi da tsumma. Washegari suka dawo, sun fi na jiya yawa.

Sai tambayoyi. Mai ɗan wando ya tsuguna a gaban mahauci da biro a hannu.

"Yallaɓai, in ka zauna a nan, me kake ji?"

"Katako," in ji mahauci.

"A'a, a ranka nake nufi."

"A raina ina jin ka tare mini hanya. Layi ya matsa."

Aka rubuta wannan ma, aka manna a bango. Daga nan aka sauko da darakta ya zauna minti goma, don ya ɗanɗana abin da talaka ke ji. Aka ɗauki hoto. A minti na huɗu ya tuna yana da taro.

Mako uku da suka wuce aka yi wa marigayin aiki, kuma ranar akwai takalmi a kansa. Na Gwaggo mai zare ne, tsohuwar da ke sayar da zare da allura a layin teloli, wadda ta shekara ashirin da shida tana sabunta takardarta a kan bencin nan. Ta zo tun ba a buɗe ƙofa ba. Da ta kai taga, akawu ya ce ta kawo kwafin tsohuwar takarda. Ta cire takalmin hagu ta ajiye a kai.

"Ɗan'uwa, ga amanata," ta ce wa Baba Masinja. "Ba zai ba ka wahala ba, ya fi 'ya'yana jin magana."

"Je ki. In kin dawo, ke ce ta farko."

Haka ya faɗa mata, a gaban mutane. Ta fita tana ɗingishi da takalmi ɗaya. Ba ta kai bakin titi ba masana suka sauko da zarto.

Shugaba mai gilashi ta yi bayani. Za a gwada hanya biyu. Rabin mutane su bi benci, rabi su karɓi lamba ta waya, na'ura ta kira su a allon bango. Bayan mako uku a ga wadda ta fi. Kuma don a yi adalci, tunda an raba mutane biyu, benci ma sai a raba shi biyu, kowane ɓangare ya samu nasa.

"Ranki ya daɗe, ƙafarsa shida," in ji Baba Masinja.

"Mun ƙirga, Baba. Uku-uku ke nan."

"Bibbiyu suke tafiya."

"Kar ka damu, Baba. A wurinmu kuskure ma ilimi ne. In abin bai yi ba, mun koyi wani abu."

"Ku koya a kan buhunanku mana."

Suka yi dariya, suka ce Baba akwai barkwanci. Mai ɗan wando ya rubuta, ya manna.

Zarto ya shiga ta gefen ƙafafun tsakiya. Marigayin bai yi kuka ba sai a ƙarshe, ya ce ƙaras, sau ɗaya. Takalmin ya faɗo ƙasa, Baba Masinja ya ɗauka ya sa a durowarsa. Rabi ɗaya ya tashi da ƙafa huɗu, ɗayan da biyu. Masana suka tsaya suna kallon mai ƙafa biyu. Suka hau sama suka yi taron awa biyu, suka sauko da kwali uku na rahoton kwamitin da ya gabace su, suka tokare shi. Ranar ce rahoton nan ya fara ɗaukar nauyin talaka. Ya kuwa ɗauka, har zuwa lokacin da mahauci ya zauna.

Gwaggo ta dawo da kwafinta, ta tarar da bokiti a bakin ƙofa. Kowa ya sa hannu ya zaro kati: ja benci, shuɗi na'ura. Ta zaro shuɗi. Mai ɗan wando ya rubuta sunanta, ya ce ta aika saƙo ta waya.

"Wayar wa?"

"Taki, Mama. Sai wadda aka yi wa rajista da sunan mai rumfa."

"Ɗana, ni ko agogo ba ni da shi."

Baba Masinja ya ce wurinta na nan, ita ce ta farko. Aka ce masa in aka sauya mata ɓangare an ɓata gwaji. Mai gadi ya raka ta waje, ita da duk wanda ya zaro shuɗi ba shi da waya, domin na'ura ba ta son cunkoso. Sau bakwai tana dawowa. Sunanta na cikin shuɗi, shuɗi kuwa ba ya komawa ja. Duk zuwan da ta yi sai ta leƙo ta tsakanin ƙarafan ƙofa.

"Ɗan'uwa, yaya takalmina?"

"Yana kan layi."

"To, ka gaishe shi. Ka ce uwarsa na rana."

Jibi Alhamis ake rufe sabunta takarda. Wanda bai sabunta ba, rumfarsa ta zama ta wani. Tuni wani mai gyaran waya ya je ya auna faɗin rumfar Gwaggo da igiya, tana zaune a ciki.

Sakamakon gwaji ya fito, ya kuma yi kyau ƙwarai. Guntu mai ƙafa huɗu mutum shida yake ɗauka. Sauran suka tsaya cirko-cirko a kansu, ba a san na bakwai ba, ba a san na goma ba, aka ba hamata iska sau uku a mako guda. Masana suka rubuta cewa benci na haddasa rikici. Ita kuwa na'ura, tana ƙirga jira ne daga lokacin da lamba ta shiga waya zuwa lokacin da aka kira mutum. Masu tsayuwa a rana bayan ƙofa ba su da lamba, saboda haka ba jira suke yi ba. Jira ya sauko daga awa uku zuwa minti tara. Aka zana shi a allo, ya gangaro kamar an turo shi daga tudu. Aka tafa. An ce za a ba su lambar yabo, a kuma kai dabarar asibiti. Allah ya hore wa marasa lafiya waya.

Jiya Litinin aka ce babban baƙo zai zo ganin nasara, aka kwashe guntayen biyu aka watsar a bayan ɗakin janareta. Ruwa ya sauka a kansu. Yau da hantsi Baba Masinja ya je ya danna mai ƙafa huɗu da tafin hannu. Bai ce ƙiii ba. Nan ya san an gama.

Marigayin ya bar katako biyu da ƙafa shida. Ya bar ƙusa talatin da takwas, suna cikin gwangwani. Ya bar fankar sama, abokiyar zamansa, wadda yanzu take juyawa ba kowa a ƙarƙashinta. Ya bar baƙin layi a jikin bango, inda ƙeyar jama'a ta jingina shekara da shekaru. An shafa masa fenti saboda baƙo, ya ɓullo. Ya bar akawun taga ta biyu, wanda yanzu yake sallamar mutum tara a yini, ya koma yankan farce. Ya bar Baba Masinja. Ya bar takalmin hagu guda ɗaya, da alkawari a kansa.

Masana sun aiko a ba su gawar. Suna so su rataye rabi a bangon ɗakinsu, a rubuta a ƙasa: yadda ake yi a da. Baba Masinja ya ce gawa ta dangi ce. Suka ce kayan gwamnati ne. Ya nuna musu takardar da suka sa wa hannu da kansu, wadda akawu ya karanta masa har sau biyu, cewa benci ya tashi daga aiki, a zubar. Ya ce to, an zubar, shi kuma ya tsinta.

Za a yi jana'iza gobe Laraba, ƙarfe bakwai na safe, a wajen ƙofar ofis, jikin katanga, taku uku daga inda ikon Ɗakin Gwaji ya ƙare. Baba Masinja ya auna da ƙafarsa. Ba za a haƙa rami ba. Za a kwantar da marigayin a kan bulo, guntu na bin guntu, kansa wajen ƙofa. Masu ta'aziyya su zauna a kansa yadda suka zo, na farko a kai. In na kai ya tashi, a matsa. Wanda zai zaga ya bar hula.

Akawun taga ta biyu ya ce zai fito ta'aziyya ƙarfe takwas, kuma zai daɗe, don shi da marigayin sun shaƙu. Dokar ofis ta hana akawu barin hatimi a kan tebur in zai fita, saboda haka da shi zai fito a aljihu, da littafin takardu a hammata. Mutum ne mai bin doka.

Ana gayyatar masana su shida. Su zo ba zarto, ba bokiti, ba takarda mai manne. Akwai wuri a ƙarshen benci. In abin ya burge su, suna so su rubuta shi a matsayin sabuwar dabara, ba a hana su ba, amma sai layi ya kawo su.

Kada kowa ya yi sammako don neman kan benci. An riga an kama. Takalmin hagu zai riga kowa zama, mai shi kuma ta ce za ta taho da na dama.