Labaran da Takalmin Saje Nomau

Labaran masinja ne a sakateriyar ƙaramar hukumarmu, mutum mai kirki da saurin dariya, sai dai Allah bai ba shi haƙurin zama ba. Shayi ma a tsaye yake shansa. Shi ne jininsa ya haɗu da na wata bazawara mai suna Hansai, mai ɗinki a unguwar bayan tasha. Suka daidaita kansu, magana ta rage ga waliyyinta, kuma nan ne aikin yake. Waliyyin baffanta ne, Saje Nomau, tsohon soja da ya yi ritaya shekara ashirin, amma har yau ko tari zai yi sai ya gyara tsayuwa. Saje ya aiko cewa kafin a turo magabata, yaron ya zo shi kaɗai ranar Asabar da hantsi, ya gan shi da idonsa.

Hansai ta ja wa Labaran kunne. "Ka ga, Baffa ba ya duba riga, ba ya tambayar albashi. Takalmi yake dubawa. Cewa yake namijin da ba zai iya zama ya lallaɓa takalminsa ba, ba zai iya lallaɓa mace ba. Mutum biyu ya kora a kan haka, ɗayan ma da mota ya zo."

Labaran ya shiga damuwa, domin son Hansai yake da gaske, ba da wasa ba. Ga shi takalmin fata guda ɗaya tal ya mallaka, wani baƙin sau-ciki da ya saya ranar da aka ɗauke shi aiki. Tun daga ranar takalmin nan bai san ƙamshin mai ba. In ya yi ƙura, sai Labaran ya ɗaga ƙafa ya goga shi a bayan wando ya wuce.

Ranar Juma'a ana saukowa daga masallaci ya nufi gindin dalbejiyar ƙofar tasha, wurin Sallau shushaina, wani dattijo da ya fi shekara talatin a sana'ar. Sallau ya karɓi takalmin, ya juya shi gaba da baya, ya ɗago ya dubi mai shi.

"Malam, me wannan bawan Allah ya yi maka?"

"Sallau, bar zolaya. So nake ya yi ƙyallin da tsohon soja zai gani ya yi shiru."

Sallau ya ce to, ya zauna. Ya kakkaɓe ƙurar da burushi, ya goge da ɗanyen tsumma, ya ajiye ya sha iska. Sannan ya naɗa tattausan ƙyalle a yatsu biyu, ya ɗan lakato man takalmi kamar mai tsoron kada ya ƙare, ya ɗiga ruwa ɗigo ɗaya daga murfin kwalba, ya shiga murzawa a hankali yana zagayawa, zagaye ƙanana. In ya gama ya bari ya bushe, ya sake lakatowa, ya sake ɗigawa. Labaran ya zauna, ya tashi, ya je ya sayo rake ya shanye, ya dawo ya tarar ana kan ƙafar farko.

"Haba Sallau! Ka lafta masa man da yawa mana mu tashi."

"Malam, ba miya nake zuba wa tuwo ba. In ka cika mai, dishi-dishi zai yi. Kaɗan-kaɗan ake bi, hawa kan hawa."

Sai da aka kira la'asar sannan aka gama. Amma fa aiki ya yi kyau. Labaran ya leƙa kan takalmin ya hango fuskarsa, har da hular da ganyen dalbejiyar da ke bisa kansa. Daɗi ya kama shi, ya ji kamar an riga an shafa fatiha.

Ranar Asabar bai yarda takalmin ya taka ƙasa ba. A leda ya sa shi, ya tafi da silifa, sai da ya zo kwanar gidan sannan ya sauya. Ya yi taku bai fi goma ba ya iso ƙofar zaure, nan ya tuna abin da bai shiga lissafinsa ba: wa ya taɓa shiga gaban suruki da takalmi? In ya shiga da shi, an ce ba shi da kunya. In ya bar shi can gefe cikin takalman mutane, wahalar jiya ta tafi a banza. Sai ya tuɓe shi a kan dokin ƙofa daidai inda rana ke dukawa, ya jera ƙafa biyun suna fuskantar ciki, ya yi sallama, ya shiga ya durƙusa.

Saje Nomau na zaune a kan buzu, gashin baki fari fat, abokansa biyu na gefe. Ya amsa gaisuwa a taƙaice. Idonsa kuwa tuni ya tsallake Labaran ya sauka a bakin ƙofa, ya daɗe a can.

"Wancan takalmin naka ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Wa ya goge shi?"

A nan ne Labaran ya kamata ya faɗi gaskiya ya huta. Amma ya ga yadda fuskar tsohon ta saki, ya tuna mai motar da aka kora, sai bakinsa ya riga shi.

"Ni ne, Baba, da hannuna."

"Yaya ka yi?"

Labaran ya gyara zama ya kwararo karatun Sallau kamar shi ya ƙirƙiro shi. Mai kaɗan, ɗigon ruwa ɗaya, zagaye ƙanana, hawa kan hawa. Har ya ƙara da cewa shi yana mamakin yaran yanzu masu gaggawa. Saje yana ta gyaɗa kai, ya juya ga abokansa ya ce rabonsa da jin irin wannan bayani tun yana bariki. Labaran ya sunkuyar da kai wai shi mai kunya, a ransa kuwa har ya fara zaɓen launin shaddar ango.

Sai Saje ya miƙa hannu bayan buzu, ya jawo wani tsohon takalmin soja mai dogon wuya, da gwangwanin mai da ƙyalle, ya tura gabansa.

"Hannuna ya fara rawa, ɗana. Taimaka ka ɗan taɓa mini ƙafa ɗaya, mu ga hannun gwani."

Zufa ta karyo wa Labaran. Ya naɗa ƙyallen a yatsu, ya kwance, ya sake naɗawa. Ya fara da ɗan mai kaɗan yadda ya gani, ya zagaya sau biyar, bai ga komai ba. Halin nasa ya motsa, ya kwaso mai cike da yatsu ya lafta. Takalmi ya yi dishi-dishi. Ya tuttula ruwa daga buta, abin ya zama taɓo. Ya ƙara mai don ya gyara, ya murza da ƙarfi kamar mai wankin tukunya, baƙi ya hau hannun farar rigarsa.

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Mu a zamaninmu da yawu muke yi."

Labaran ya tattaro baki zai tofa, ya tarar tsoro ya busar da shi ƙaf. Iska kawai ta fito.

Saje ya karɓi takalminsa ya duba, ya dubi na bakin ƙofa da ke ta walƙiya a rana, ya dawo da ido kan Labaran. Labaran ya tabbata Hansai ta kuɓuce masa, ya ji kamar ya nutse cikin tabarma.

Saje ya ajiye takalmin a hankali, ya shafa gashin baki ya ce, "To, madalla. Tashi ka je, ɗana, mun gode da gaisuwa. In ka isa, ka turo mana wanda ya goge wancan na bakin ƙofa. Da shi za mu yi maganar auren."

Labaran ya share zufa da baƙin hannunsa, ya ƙara durƙusawa cikin ladabi ya ce, "Ai Baba, sai da na bincika kafin in ba shi takalmin. Matansa huɗu cif."