Ragon da Ya Gane Gadar Sama

Jama'a, ku taya ni murna. Ranar Talatar nan na je sama na dawo, ni da rago, ba mu biya kuɗin jirgi ba.

'Yata Mairama ce ta haihu a birni, aka ce za a yi mini takwara. Ni kuwa tun tana da ciki na saki baki gaban surukai na ce ragon suna nawa ne. Magana zarar bunu. Suna Laraba da sassafe, don haka Talata na ɗora shi a bas daga Gwaram. Maƙwabcina Maikano, wanda ya yi dako a birnin tun yana da haƙora, shi ya ba ni kwatance.

"Malam Hambali, kwantar da hankalinka. Sauka a Gindin Kuka, ka ba kukar baya, masu harawa na damanka, lungu na biyu gidan surukinka. Makaho ma ya sani."

Makaho ya sani, amma kafin Iyayen Siminti, manyanmu masu gina gadoji, Allah ya ƙara musu buhu, su tuna da wurin.

Kwandasta ya ce "Gindin Kuka!", ya sauke mu, mota ta yi gaba. Na duba, ba kuka ba dalilinta. Titi a kan titi, wani ya naɗe wani kamar taliya a faranti. Ashe a ƙololuwar gada muke. Ni kuwa abin mamaki ba ya wuce ni. Ga rufin kwanon unguwanni yana ƙyalli, ga hasumiyar masallaci daidai hancina, ga shirwa tana shawagi a ƙasana. Shekara saba'in tana kallon tsakar kaina, ran nan na ga gadon bayanta. Har na manta abin da ya kawo ni, sai da rago ya yi tari.

Waya? Ta mutu tun a Birnin Kudu, don wutar garinmu ta tafi ganin dangi ba ta dawo ba. Na hangi wani ƙaton allo, na ce alhamdulillahi, ga kwatance. Na haɗa baƙi da karatuna na aji uku. Godiya ce ake yi wa waɗanda suka yi aikin. Madalla! Ɓatacce ma ya san wanda zai gode wa.

Na tsayar da mai adaidaita.

"Baba, ai ga unguwar can kana gani. Amma a nan, in hagu za ka sai ka yi dama, ka zagayo, ka bi ta ƙarƙashin kanka."

"To kai mu, ɗana."

"Kai zan ɗauka, ban da yayanka."

Muka taka. Hanyar ƙafa babu, domin masu zana gadar sun daɗe a cikin mota har sun manta Allah ya yi wa ɗan Adam sawu. Sau uku muna zagayawa muna dawowa gaban allon godiya. Rana ta karkata. Na fara jin abin da surukai za su faɗa gobe: ga Hambali ƙarami, ina ragon Hambali babba?

Sai rago ya ɗaga hanci, ya fizge igiya. Na bi shi ina salati, ta wata kafa da mutane suka ɓula a jikin shinge, muka gangara ƙarƙashin gada. Harawa! Dami-dami, ga mai ita a kishingiɗe, Muhammad Auwal sunansa.

"Sau huɗu ana tashinmu, Baba," in ji shi. "Mu koma ina? Nan ne Gindin Kuka."

"Ina kukar?"

Ya dafa wani ginshiƙin siminti. "Ga inda take. Ba shi baya."

Na ba ginshiƙi baya, harawa na damana, lungu na biyu. Sai ga guɗa.

Na so in rubuta wa manya su ɗauki ragon nan mai ba da shawara kan hanyoyi. Ba ya son jiniya, ba ya son rakiyar motoci, dusa ta ishe shi. Sai dai na makara. Duk birnin shi kaɗai ya gane gadar, shi ɗin ma Laraba muka soye shi.