Ƙanƙarar Shanu a Kofin Manya

Jama'a, ranar Talata na yi wanka da sassafe na zura rigar salla, don an ce a garinmu, nan tsakanin Agiye da Gangara, za a buɗe allurar rigakafin shanu. Tunda na yi lakol, wato makarantar boko, ina jin Faransanci, aka ce in zo in yi tafinta tsakanin baƙin da suka ba da maganin da makiyayan da suka koro garkunansu. Na tafi in ga an yi wa shanu allura. Na dawo na iya haɗa abin sha.

Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, shi ya ce ba a tarbar Turawa da kunun zaƙi. Sai aka ɗauko Maharazu, abokina tun muna yara, da ke aiki a wani otel a birni, ya haɗa abin da suke kira aferitif. Na same shi bayan rumfa yana yanka mangwaro.

"Wannan jar kwalbar bermut ce," in ji shi, "giyar inabi da aka jiƙa da ganyaye. Ta baƙi ce, ja da baya, ustazu. Ƙanƙara ake fara cika kofi da ita. Sai murfi biyu na bermut, murfi ɗaya na ruwan lemu, ƴan yankan mangwaro, ganyen na'ana'a, a ƙarasa da ruwa mai kumfa. A juya sau ɗaya da cokali, ba a girgizawa. Na manyanmu kuma zoɓo zan sa a madadin bermut. Launi ɗaya ne."

"To wa zai gane kofin wa ke hannun wa?"

"Ni da Allah," in ji shi.

Na ce amfaninsa fa? Ya ce buɗe ciki yake yi, mutum ya ji yunwa kafin abinci. Ku ji fa! Tsakiyar bazara, rumbuna sun kai ƙasa, an taso tun daga birni a koya mana jin yunwa.

Saura ƙanƙara. Motar da ta ɗauko ta ta yi rabin yini a layin mai, ta iso da jiƙaƙƙun buhuna. Nan take Mai Riƙe Jakar Mai Girma ya hango glasiyar Malam Haladu, malamin dabbobi, akwatin sanyin da ya jera kwalaben allurar ya rufe su da ƙanƙara tun asuba.

"Ranka ya daɗe," Malam Haladu ya ce, "in maganin nan ya ji zafi ya mutu. Ko an yi allurar, ruwa aka tsira musu."

"Aro ne, Malam. Da an gama jawabi a maido maka."

Aron ƙanƙara, ƙarfe sha biyun rana! Aka kwashe ta tas a cikin bokiti.

A bakin rumfa wani makiyayi, Baffa Bakari, na tsaye da sandarsa a kafaɗa. Bara ciwon huhu ya kwashe masa rabin garke. Sauran ya koro su tafiyar kwana biyu saboda wannan allurar.

"Ɗan lakol, me ya sami malam? Fuska nashi kamar sa mai kumburin ciki."

Na gaya masa. Na ce wallahi yanzu zan tashi in tona asirin kowa a gaban baƙi, da Faransanci, har da karin magana.

"In ka tona, taro ya watse, mota ya tafi, magani ya bi shi. Zauna, ɗana."

Na zauna ina huci. Aka fara jawabi. Mai Girma ya gode wa baƙi, ya gode wa wanda ya gode wa baƙi. Can wata Baturiya ta tambaye ni me ya sa masu shanun ke tsaye a rana hannu sake. Na juya maganar da babbar murya, ban rage ko gishiri ba. Mai Girma ya hango mai ɗaukar hoto, nan take ya ce a ba makiyaya abin sha.

Baffa Bakari ya dubi Maharazu, ya dubi bokiti. Sai ga kofuna sun fito, zoɓon bai fi cokali uku ba, ƙanƙara kuwa har ta yi tozo. Makiyaya suka karɓa da hannu biyu, aka ɗauki hoto, ba wanda ya kai baki.

"Ba sa so ne?" in ji Baturiyar.

"Bafulatani ba ya ci ba ya sha a idon jama'a, Madam. Kunya ce."

Abin ya burge ta har ta rubuta a littafinta. Su kuwa suka sulale ɗaya bayan ɗaya zuwa bayan rumfa, inda Malam Haladu ke tsugune da glasiya a buɗe. Kowa ya tsame ƙanƙararsa ya zuba, ya dawo da kofi wayam yana share baki.

"Kun gani?" Mai Girma ya ce wa baƙi. "Talakawanmu na son ci gaba. A ƙara musu!"

Sau uku ana ƙarawa. Kafin a kai ga kofinsa na biyu bokiti ya ƙare, ya sha nasa da ɗumi kamar shayi, yana yaba haƙurin jama'a.

Da la'asar aka yi allurar, kwalabe na sanyi, suna ƙanshin mangwaro da na'ana'a. Shanun Baffa Bakari duk sun samu. Ni dai har yanzu raina a ɓace yake: a ce sai kunyar makiyayi ce za ta tsare maganin da mutum goma masu rawani da takalmin gilashi suka zo buɗewa.

Jiya na gamu da Baffa Bakari a kasuwa. Ya ce, "Ɗan lakol, abin nan mai buɗe ciki ya taɓa maganin fa. Tun ranar shanu ci suke nema. Tambayo mana Mai Girma, dusan da ya yi alkawari bara, yana ina?"

Na ce tana hanya, Baffa. Mota ɗaya suka hau da ƙanƙara.