Injiniya Badaru da Yauƙin Tankin Hajiya Furera

Da kunnen nan nawa na ji Badaru ya ce ruwa tsoronsa yake ji, kuma da idon nan nawa na ga amsar da ruwan ya ba shi. Ba wani ne ya ba ni labari ba. Ina wurin a tsaye. Duk wanda ya faɗa muku wani abu daban, ku tambaye shi inda yake ranar.

Badaru ɗan garinmu ne, can gaba da Ungogo, inda gonar wani take ƙarewa a gindin katangar wani. Ya yi zaman birni, ya yi aiki a wani kamfanin lemo a Bompai. A faɗarsa shi ne babban injiniyan ruwa, wai in ya yi gyaran murya Bature sai ya ajiye cokali. A faɗar waɗanda suka je suka gani kuwa, ƙofa yake buɗe wa motoci. Da shekarun nan masu wuya suka zo, kamfanoni suna mutuwa kamar kaji a annoba, kwanon gero ya fi ƙarfin magidanci, sai ga mutumin naku ya dawo gida. Abin da ya dawo da shi hular kwano ce ruwan ɗorawa da takalmin roba har gwiwa. Suna, ɗaurin aure, ta'aziyya, da su yake zuwa. In ka kira shi Badaru ziryan ba zai juyo ba, sai ka ce Injiniya.

To, akwai Hajiya Furera. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗan kamfanin ruwan leda a bakin gari: rijiyar burtsatse, baƙin tankin roba a bisa ƙarafa, bututai, matatai, da injin liƙe leda. Ba wani babban abu ba ne, amma a shekarun nan daga nan gidaje da yawa suke ɗora tukunya. Badaru kuwa tun da ta fita takaba yake kewaya wurin kamar kaza ta ga shanyar dawa. Aure yake so. Ita kuma gaisuwa kawai take amsawa.

Sai ruwan ya lalace. Ya fara wani wari kamar randar da aka manta da ita, matatai suna toshewa, famfo yana ɗiga kamar ana roƙonsa. Masu saye suka fara dawo da kaya. Ana cikin haka sai ga Malam Uwaisu duba-gari a kan babur ɗinsa. Ya kwance bakin wani bututu, ya zura yatsa, ya zaro. Yatsan ya fito da wani abu mai santsi yana ja, kamar miyar karkashi.

Ya yi wa Hajiya bayani a natse. Ya ce wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, sukan manne a jikin tanki da bututu su kafa gari, sannan su lulluɓe kansu da yauƙi, ko an zuba magani iyakarsa saman bargon. Dole a kwance komai, a shiga tanki a goge da soso, sannan a jiƙa da maganin kulorin, a ɗauraye. Ya ce zai dawo bayan kasuwa mai zuwa, in ya tarar da abin nan kwaɗo zai sa wa ƙofar.

Hajiya ta rasa inda za ta sa kanta, don masu irin wannan aiki a birni suke, kuma ba ta da ƙarfin ɗauko su. Nan Badaru ya gyara hular kwano ya matso. Ya ce duba-gari karatun takarda ne kawai da shi. Shi da ya sarrafa tankin da ya fi masallacin Juma'a girma, ko noti ɗaya ba zai kwance ba, daga sama zai kashe abin. Lada kuma ba ya so.

"Abu ɗaya nake roƙo, Hajiya. Ranar da ruwa ya fito garai, ki ba ni izini in turo magabatana."

Hajiya ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ta ce, "Malam Badaru, in ruwa ya fito garai, ka turo."

A wurin akwai Barira, mai jera leda a buhu, taubashiyar Badaru ce, bakinta kuma ba ya hutu. Ta ce da Hajiya gara ta sayi kwaɗon da kanta tun yanzu, ta hutar da gwamnati.

Badaru ya kwana yana lissafi. Ya tuna can a kamfani ya sha ganin ana shigo da wasu fararen buhuna ta ƙofarsa, ana cewa na wankin tanki ne. Fari ne, gari ne, kuma yana da kaifi. Mene ne fari mai kaifi in ba kanwa ba? A ransa ya ce ai Bature kanwa yake saye ya sauya mata suna. Washegari sai ga shi da buhun kanwa a kan jaki. Ya hau tsani, ya yi bisimilla da ƙarfi don na ƙasa su ji, ya juye.

Barira ta bari sai da ya sauko sannan ta tambaye shi, wai shi bai taɓa leƙa madafi ba ne? Ta ce ai kowace mace ta san in ana so kuɓewa ta ja, kanwa ake jefa mata. Shi da aka ɗauko ya kashe yauƙi, sai ya kawo masa goron gayyata. Badaru ya ce wannan ilimin murhu ne, shi ilimin inji yake yi.

Ruwan ya fito da ɗanɗanon kanwa, ba mai iya sha. Da aka saki wani a kwata, shanun Fulanin da ke wucewa suka ji ƙanshi, suka yo kan kamfanin gaba ɗaya, suka tattake shukar waken maƙwabci. Tsofaffi masu ciwon ciki su ma suka zo da kwanoni. Badaru ya ce wa Hajiya ta gani, tun ba a gama ba kasuwa ta buɗe. Hajiya ta ce ita mutane take sayar wa ruwa. Aka zura yatsa a bututu, yauƙi yana nan, ko gezau.

Maganar Barira ce ta tsaya masa a rai. In dai abin nan ɗan'uwan kuɓewa ne, to abin da yake tsinka kuɓewa shi zai tsinka shi. Ya bi ta bayan gida ya tambayi wata tsohuwa, kamar da wasa, me yake kashe yauƙin miya. Ta ce tsami. Shi ke nan. Ya bi gonaki ya karkaɗe tsamiyar mutane, ya jiƙa ta a garwa-garwa, ya sanar da cewa yanzu za a shiga mataki na biyu, wanda ko a birni ba kowane injiniya aka koya wa ba.

Abin da ya manta, bai zubar da ruwan kanwar ba. Yana juye tsamiya tankin ya yi wata irin gyatsa. Kumfa ta taso ta bakin tanki, ta bi tsani, ta bi Badaru, ta cika masa takalman roba. Ya sauko yana tafiya ana jin cakal-cakal. Duk da haka bai karaya ba. Ya ce magagin mutuwa ne ƙwayoyin suke yi, a rufe tanki a bar su su ƙarasa.

Aka rufe. Rana ta yi ta dukan baƙin tanki, ga zaƙin tsamiya a ciki. Ashe walima ya shirya musu. Abin da a da yake kamar fatar albasa ya yi kauri ya zama kamar ganda. Wari kuwa ya sauya salo, ya koma wani tsami-tsami mai hawa kai. Liman ya zo wucewa, ya tsaya, ya shaƙa, ya aika a tambayi Hajiya cikin sirri ko ta sauya sana'a ne, don in haka ne yana da nasihar da zai yi mata.

Ranar Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta kira Badaru ta ce masa kasuwa ta matso, matan da ke mata aiki suna zaune a gida ba na cefane, in aka rufe wurin nan ba ta san abin da za ta gaya musu ba. Ya dafa ƙirji ya ce ta kwantar da hankalinta, da ma sai ciwo ya kumbura ake matse shi.

A ɓoye ya hau mota ya shiga birni ya samo kulorin ɗin da duba-gari ya faɗa. Ya ce wa mutane wani sirri ne da Bature ya bar masa wasiyya. Ya zubar da ruwan tsamiya, ya cika tanki, ya antaya magani. Zancen soso da kwance bututu kuwa, ya ce wannan aikin leburori ne. Da ya leƙa washegari, sai ya ga bargon nan ya saɓule daga jikin tanki, duk inda idonsa ya kai ya yi fes. Murna ta kama shi har ya kusa faɗowa. Ya sake ɗura sabon ruwa. Inda bargon ya tafi kuwa, bai tambaya ba. Ai ƙasa ya gangara, ya dunƙule a cikin babban bututun da yake kai ruwa famfo, ya yi zamansa.

Ranar da Malam Uwaisu zai dawo, Badaru ya ci babbar riga fara ƙal, ya ɗora hular kwano a kai. Ya ɗauko kawunsa Baba Muntaka da ƙullin goro, ya zaunar da shi a inuwa, wai kada a ɓata lokaci, ana gama duba ruwa sai a shiga maganar aure. Gari ya taru. Ya yi jawabi mai tsawo, ya ce yau takarda za ta gaishe da ƙwarewa. Ya karɓi kofi, ya ce shi zai fara sha a gaban kowa. Ya murɗa famfo.

Shiru.

Ya murɗa har ƙarshe. Famfo ya yi ɗan tari ya sake yin shiru. Barira ta ce ai ruwan ne yake jin tsoronsa, ya ƙi fitowa. Malam Uwaisu ya sa hannu a aljihu, aka ji ƙarar kwaɗo.

Badaru ya ce iska ce kawai ta shiga, ƙaramin abu ne. Ya tattare riga, ya durƙusa, ya kafa baki a famfo kamar mai zuƙo fetur da tiyo. Ya ja, ba komai. Ya cika ƙirji ya sake ja, har jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Sai muka ji wani ɓut daga cikin bututu, kumatun mutumin naku suka cika tam.

To ga Injiniya a durƙushe, baki cike. Ya dubi duba-gari, ya dubi Hajiya, ya dubi ƙullin goro. In ya tofar, shaida ta fito fili, kamfani ya tafi, aure ya tafi. Ya rufe ido. Muna kallo maƙogwaronsa ya yi sama, ya tsaya ya yi shawara, ya yi ƙasa.

Malam Uwaisu ya ce, "Yaya ka ji shi, Injiniya?"

Hawaye na zuba, Badaru ya ce, "Alhamdulillahi. Garai. Har da ɗan garɗi."

Ya miƙe zai ja da baya, ashe abin bai tsinke ba. Wani zare kore-kore ya taho daga bakin famfo zuwa gemunsa, yana ja da baya zaren yana biyo shi, yana ƙara tsawo, har ya kai rawanin Liman in an warware. Sannan sauran ya ɓalle gaba ɗaya. Famfo ya yi aman abin da ya tara tun zamanin marigayi, a kan farar riga. Baba Muntaka ya tashi a hankali ya koma bayan mutane, kamar bai san ɗan wa ne ba.

Shi kansa Malam Uwaisu sai da ya dafa babur saboda dariya. Hajiya ta roƙe shi. Ya ce to, kwaɗo zai koma aljihu bisa sharaɗi ɗaya: yanzun nan, a gabansa, a kwance bututai, a shiga tanki a goge kowane lungu, kuma ba za a sayar da leda ko ɗaya ba sai ya gwada ruwan da kansa. Aka dubi bakin tanki, ƙarami ne. Aka dubi jama'a. Duk garin ba siriri kamar Badaru, ga shi kuma ya riga ya yi santsi, ba sai an shafa masa komai ba. Barira ta miƙa masa soso. Aka tuɓe masa riga da hula, aka zura shi kamar guga.

Ya daɗe a ciki ana jin ƙarar guga. Can sai muryarsa ta fito daga tanki, tana amsa-kuwwa, duk gari na ji.

"Hajiya, in an gama ai ruwa zai fito garai. Maganar goron nan fa?"

Hajiya Furera ta matso gindin tanki, ta ɗaga kai.

"Malam Badaru, ka ci gaba da guga, Allah ya ba da lada. Amma mutumin da zai haɗiyi abin nan ya ce har da garɗi, in na aure shi har in mutu ba zan san ko miyata ta yi daɗi ba."

Haka aka yi, ko ƙwayar gero ban ƙara ba. To, tsakani da Allah, abu ɗaya ne nawa. Zaren nan da na ce ya kai rawanin Liman, ni na ja shi. Bai kai ba. Na ladan dai ya kai.